Ire-iren motocin haya da ke zirga-zirga a Dogon Dutsi da Tibiri

Sufuri a Arewa ya rataya ne a kan hanya guda, wato hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, ta wuce Birnin Konni. Abin da mutum zai hau ya danganta da nisan garinsu da wannan kwalta.

A kan kwaltar akwai manyan bas na kamfanoni irin su Rimbo, STM da Al Izza. Suna da lokacin tashi, kowa da kujerarsa, amma ba su tsayawa kowane ƙauye. Hiyas kuwa sai ta cika take barin tasha. Mai sauri ya yi haƙuri, amma fa ita ce ke sauke mutum bakin hanyar garinsu, ta ɗauki buhun wake da akuya a sama.

Da an sauka daga kwalta sai labari ya canza. Rairayin Dallol Mawri ba ya ragawa ƙaramar mota, ga laka da damina. Nan ne a-kori-kura da kanta ke aiki, galibi ranar kasuwa, mutane bisa kaya. Sauran ranaku sai kabu-kabu. Babur na shiga inda mota ba ta shiga, shi ya sa ko da tsakar dare lambar ɗan kabu-kabu ake nema. Sai dai mu faɗi gaskiya: goyon mutum uku ba hular kwano, ko ɗora mace mai naƙuda a babur zuwa asibiti, kasada ce da muka saba da ita don ba yadda za mu yi. Adaidaita ta fi sauƙi ga tsofaffi da masu goyo, amma cikin gari take da ƙarfi. Amalanken shanu ko na jaki har gobe shi ke kai marar lafiya likita a ƙauyuka da yawa.

Kuɗin hawa da yawa daga cikin waɗannan, ban da amalanke, ya daɗe yana bin farashin mai na Najeriya. Mun gani a 2023, da aka janye tallafin fetur a can.

Jirgin ƙasa fa? An ƙaddamar da layin dogo na Yamai zuwa Dosso a Janairun 2016, amma bai kama jigilar fasinja ba, kuma can ma Gaya da Kwatano aka nufa da shi, ba Dutsi ba.