Tarihin Tsibirin Kubrus: Ƙasa Ɗaya, Hukuma Biyu

A 'yan shekarun nan sunan Kubrus, wato Saifurus, ya shiga bakin iyaye a Obi da Lafiya, saboda masu tallar makarantu da ke nuna mana hotunan teku suna cewa "Turai ce." Shi ya sa muka ga ya dace mu san tarihin wurin.

Kubrus shi ne tsibiri na uku a girma a tekun Bahar Rum, kudu da Turkiyya. Ba ƙarya a hotunan. Akwai gonakin zaitun da lemo da inabi, ga duwatsun Turodos da tsayinsu ya kai mita 1,952, inda ƙanƙara ke sauka da hunturu. A gefen birnin Larnaka kuma akwai tafkin gishiri da ke ƙafewa da rani. A da, da jakuna ake kwasar gishirinsa, abin da zai tuna mana da matan Keana da Awe.

A bakin tafkin nan ne kabarin da ake dangantawa da Ummu Haram bint Milhan (RA) yake. Ta shigo tsibirin tare da rundunar ruwa da Mu'awiya ya jagoranta a zamanin Halifa Usman, wajen shekarar 649, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Har yau ana ziyartar masallacin wurin, Hala Sultan.

Daular Usmaniyya ta karɓe tsibirin a 1571, daga nan Turkawa Musulmi suka zauna tare da Girkawa Kirista. Zaman ya bar alama a cikin tukunya. Dukkansu suna alfahari da cuku ɗaya na madarar tumaki da awaki, wanda ake gasawa ba ya narkewa. Girkawa na ce masa halumi, Turkawa na ce masa helim.

Ingila ta karɓi mulki a 1878, ta ba su 'yanci a 1960, shekara ɗaya da mu. Amma zaman lafiya bai ɗore ba. A Yulin 1974 masu son haɗewa da Girka suka yi juyin mulki, bayan kwana biyar Turkiyya ta sauke sojoji a arewa. Dubban iyalai daga ɓangarorin biyu suka bar gidajensu. Har yanzu shinge ya raba babban birnin, Nikosiya, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na tsaron tsakani.

Ga inda abin ya shafe mu. Kudu ce ke cin moriyar shiga Tarayyar Turai a 2004, kuma ita ke kashe kuɗin Yuro. Arewa ta ayyana kanta ƙasa a 1983, amma Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Kuɗinta Lira ne, jiragenta ta Turkiyya suke bi, kuma izinin zamanta ba ya shigar da mutum Turai.

Don haka kafin a sayar da gona ko doyar shekara a tura yaro, a tambaya: kudu ko arewa? Hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da makarantar? Tambaya ba ta ɓatar da matafiyi.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu jagora, amin.

Daga Sakataren Ƙungiya