Tsadar Zaman Kai: Tarihin Unguwannin Tsofaffi a Amurka

Kafin shekarar 1935, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare a Amurka, in ba ya da dukiya ko ƴaƴan da za su riƙe shi, gidan miskinai na hukuma ne makomarsa. A wannan shekara shugaba Roosevelt ya sa hannu ga dokar fansho ta ƙasa. Daga nan tsofaffi suka fara samun kuɗin kansu wata-wata, ƴan kasuwa kuwa suka hango ciniki.

A 1954 aka kafa Youngtown a jihar Arizona, unguwar tsofaffi zalla. Ranar 1 ga Janairun 1960 attajirin magini Del Webb ya buɗe Sun City daura da ita, da kantuna da filin wasa da zauren taruwa. Mutane wajen dubu 100 suka yi tururuwa cikin kwana uku na farko. Gida mafi araha dalar Amurka 8,500 ne, abin da ma'aikaci mai matsakaicin hali ke iya biya idan ya sayar da tsohon gidansa.

Akwai wani tsari kuma wanda coci-coci suka daɗe suna yi: tsoho ya zuba kuɗi mai yawa ranar shiga, a yi masa alkawarin ɗaki da abinci da jinya har ƙarshen ransa. Amma mutane sun yi tsawon rai fiye da lissafi, farashin kaya kuma ya hau. A 1977 Pacific Homes ta jihar Kaliforniya, mai alaƙa da cocin Methodist, ta karye, tsofaffin da suka danƙa mata duk abin da suka tara suka shiga zullumi. Haka kamfanin Erickson ya nemi kariyar kotu a 2009, bayan rushewar kasuwar gidaje, domin wanda ya kasa sayar da gidansa ba ya da kuɗin shiga. Shi ya sa akasarin waɗannan gidaje a yau ke karɓar kuɗin wata wanda ke ƙaruwa kusan kowace shekara.

Inshorar lafiya ta Medicare, wadda aka kafa a 1965, tana biyan likita da asibiti, ba ta biyan haya ko abinci a irin waɗannan wurare. Nauyin yana bisa tsoho da abin da ya tara. Wanda ya mallaki gida tun yana da ƙarfi yana da abin sayarwa. Wanda ya ƙare rayuwarsa a gidan haya, sai ya shiga layin jiran gidajen da gwamnati ke tallafawa.