Jerin eriya mai faɗin zango: yadda ake tsara shi da ƙera shi, da abin da ya shafi Bauchi

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi turakun sadarwa a Yalwa ko Wunti cikin birnin Bauchi, zai ga wasu dogayen akwatuna farare a can sama. A cikin kowane akwati akwai ƙananan eriyoyi da aka jera a sahu, suna aiki tamkar guda ɗaya. Su ake kira jerin eriya, kuma ta cikinsu kowane kira da saƙon intanet na wayar salula ke ratsawa.

Mene ne faɗin zango?

Eriya na mayar da wutar lantarki ta zama igiyar rediyo, ta kuma mayar da igiyar da ta kama ta koma wuta. Ana auna saurin kaɗawar igiyar da ma'aunin haz, wanda aka raɗa wa sunan Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar igiyar a ƙarshen shekarun 1880. Gwargwadon ƙaruwar kaɗawa, gwargwadon raguwar tsawon igiyar. A megahaz 900 tsawonta ya kai kusan santimita 33, a megahaz 1800 kusan 17, a gigahaz 3.5 kuwa bai wuce 8.6 ba.

Tun da girman eriya na bin tsawon igiya ne, yawancin eriyoyi na aiki sosai a ɗan ƙaramin yanki kawai. Eriya mai faɗin zango ita ce wadda ke karɓa da aikawa a yanki mai yalwa. Ma'aunin da masu bincike suka fi amfani da shi shi ne kada wutar da ke komawa baya daga eriyar ta wuce kashi 10 cikin 100 a duk faɗin yankin.

Dalilin buƙatarsa a Najeriya

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, aka soma aiki a megahaz 900 da 1800. Tsarin 3G da 4G sun ƙaro wasu zangunan. A watan Disamban 2021 kamfanonin MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon gigahaz 3.5 na 5G, kowanne ya biya dala miliyan 273.6 domin yanki mai faɗin megahaz 100. MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023.

Ke nan turke guda na iya ɗaukar zanguna da dama a lokaci ɗaya. Da za a rataya wa kowane zango eriyarsa, nauyi da kuɗin haya da bugun iska sun yi yawa. Eriya ɗaya da ta rufe zanguna masu yawa na rage wannan ɗawainiya.

Amfanin jerawa

Eriya tilo na watsa ƙarfinta ne ko'ina, kamar fitilar ƙwai. Idan aka jera su da yawa, aka daidaita lokacin da wuta ke isa ga kowacce, sai igiyoyinsu su haɗu su ƙarfafa juna ta fuska ɗaya, kamar hasken tocila. Ninka yawan eriyoyin na ninka ƙarfin da ake tattarawa ta wannan fuskar. Sauya lokacin isar wutar kuma na karkata hasken zuwa inda mai waya yake, ba tare da an juya ƙarfe ba. Wasu na'urorin 5G na da hanyoyin aikawa 64 da na karɓa 64.

Tazarar da ke tsakanin eriyoyin ita ce ginshiƙin aikin. Galibi ana barin rabin tsawon igiya, wato kusan santimita 4.3 a gigahaz 3.5. In ta yi nisa, hasken zai rabu ya fita ta inda ba a so. In sun matsu, sai su riƙa shafar juna. A nan wahalar faɗin zango take, domin tazarar da ta dace da ƙasan zango na iya yi wa samansa yawa.

Daga zane zuwa ƙira

Aikin na farawa da lissafi, sannan a gwada siffar a kwamfuta da manhajoji irin su CST Studio Suite da Ansys HFSS. Eriyar da ɗalibai suka fi sabawa da ita ita ce 'yar faci, wato ɗan fallen jan ƙarfe a kan allon lantarki. Tana da araha, amma faɗin zangonta bai cika wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, alhali yankin gigahaz 3.3 zuwa 3.8 da 5G ke amfani da shi ya kai kusan kashi 14. Don haka ake tsaga facin, ko a ɗora wani a kansa, ko a koma ga eriyar Vivaldi mai baki kamar kakaki, wadda Peter Gibson ya gabatar a 1979.

Hanyoyin ƙira biyu ne suka fi yawa. Ko dai a cinye jan ƙarfen da ba a buƙata da sinadari, ko a sassaƙe shi da injin CNC, wanda kwamfuta ke jagorantar bakinsa. Da wannan injin ake fafe eriyoyin goran ruwa masu jure ƙarfin wuta da zafi.

Kuskure kaɗan na da tsada. Facin gigahaz 3.5 a kan allon FR-4 bai wuce kusan milimita 20 ba. In aka zarce da rabin milimita, zangon zai gusa da kusan megahaz 90, wato kusan dukan yankin da kamfani ya saya da miliyoyin daloli. Bayan ƙira akan auna wutar da ke komawa baya, sannan a gwada siffar hasken a ɗaki na musamman da bangonsa ke shanye igiyar rediyo.

Matsayin Bauchi

Birnin na da cibiyoyi biyu na tarayya da ke horar da injiniyoyi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta samu a 1979. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa an kafa ta a 1980 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ta samu sunanta na yanzu a 1988, kuma tana koyar da injiniyancin lantarki da na injuna, fannoni biyun da wannan aiki ke haɗawa. Tana cikin jami'o'in da NCC ta kafa wa kujerar farfesa domin binciken sadarwa a zamanin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta.

Yanayin garin ma na ba da abin nazari. Duwatsun da ke ciki da kewayensa, irin su Dutsen Tanshi, na tare igiya, kuma tarewar na tsananta idan zango ya yi sama. Ruwan damina na raunana igiyar da ta haura gigahaz 10. Ƙurar hunturu na taruwa a kan marufi da mahaɗar wayoyi, zafin bazara kuma na sa ƙarfe ya ɗan buɗe. Eriyar da aka gwada a Turai ko Sin na buƙatar a sake auna ta a irin wannan yanayi.

Na'urorin da ke kan turakun ƙasar nan galibi na kamfanonin waje ne, irin su Huawei da Ericsson da Nokia da ZTE, kuma da kuɗin ƙetare ake sayo su. Zane a kwamfuta shi ne mataki mafi sauƙin samu. Injin sassaƙa mai daidaito, da allo mai inganci, da na'urar awo, da tsayayyar wutar lantarki, su ne ke raba zanen da ya tsaya a takardar kammala digiri da eriyar da za a iya ɗorawa a kan turke.