Shekel na Taya: yadda ake gane kuɗin harajin Haikali

Tsabar azurfar da ta shekara dubu biyu ba ta isa hannun masana da tsabta. Yawanci hannuwan 'yan kasuwa sun suɗe ta, ƙasa ta baƙanta ta, rabin rubutun da ke gefenta ya goge. Duk da haka tana da shaidar da za ta bayar in an san tambayoyin da za a yi mata. A wannan darasi za mu bi waɗannan tambayoyi a kan kuɗi guda, shekel na birnin Taya, domin shi ne ya fi kowane kuɗi kusa da Haikalin Urushalima a zamanin Ubangijinmu.

Tambaya ta farko ita ce nauyi. Dinari, kuɗin da Roma kanta take bugawa, bai kai giram 4 ba. Shekel na Taya yana da kimanin giram 14, rabinsa kuma giram 7. Saboda haka tsabar da ta cika tafin hannu da nauyi, rubutunta kuma na Helenanci ne, ba dinari ba ce. Daga ɗaya cikin biranen gabashin daular ta fito.

Ta biyu ita ce fuska. Birnin Antakiya na Suriya ma yana buga azurfa mai kusan wannan nauyi, amma da kan Kaisar, da sunansa da laƙabansa kewaye. Na Taya ba ya ɗauke da sarki ko rubutu a fuska. Kan wani namiji ne marar gemu, mai kauri a wuya, sanye da kambin ganye. Wannan shi ne Melkart, gunkin birnin, wanda Helenawa suka ɗauka ɗaya ne da Herakulis.

Ta uku ita ce bayan kuɗin, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Akwai gaggafa a na Taya, akwai kuma gaggafa a kuɗin Antakiya na zamanin Kaisar Nero. Sai a duba ƙarƙashin ƙafafunta. Gaggafar Antakiya tana tsaye a kan alamar aradu. Ta Taya kuwa a kan goshin jirgin ruwa take, da reshen dabino a kafaɗarta, da kulkin Melkart a gabanta. Ko rubutun ya goge, kulkin nan yakan ragu. Inda rubutun ya tsira, yana kiran Taya birni mai tsarki, wurin mafaka.

Ta huɗu ita ce shekara. Taya ta kuɓuta daga sarakunan Helenawa na Suriya a shekara ta 126 kafin haihuwar Almasihu, daga nan ta fara ƙidayar shekarunta, ta ci gaba da buga kuɗinta har bayan da Roma ta mamaye yankin. Ana rubuta shekarar da haruffan Helenanci kusa da kulkin. Misali, ΡΝΘ na nufin 100 da 50 da 9, wato 159. In aka cire 126, sai a sami shekara ta 33 zuwa 34 bayan haihuwar Almasihu. An daina buga wannan kuɗi wajen shekara ta 66, lokacin da Yahudawa suka tayar wa Roma.

Me ya sa mai hidima zai damu da wannan? Fitowa 30 ta ɗora wa kowane namiji mai shekara 20 zuwa sama rabin shekel domin sujadar Ubangiji. Rubuce-rubucen malaman Yahudawa sun nuna cewa da azurfar Taya ake biya. Dalilin shi ne tsabtar ƙarfen: fiye da kashi 90 cikin 100 azurfa ce zalla, alhali ta Antakiya tana da gauraye da yawa. A 1960 an tono tarin kuɗi kimanin 4,500 a Isfiya, kan Dutsen Karmel, mafi yawansu shekel da rabin shekel na Taya, abin da ke nuna yadda kuɗin ya yaɗu a ƙasar.

Wannan yana haskaka Matiyu 17. Masu karɓar haraji a Kafarnahum sun tambayi Bitrus game da darakma biyu, wato rabin shekel. Kuɗin da aka samu a bakin kifi kuwa sitata ne a Helenanci, darakma huɗu, daidai harajin mutum biyu. Shi ya sa tsaba ɗaya ta ishi Yesu da Bitrus. Masana da yawa suna ganin azurfa talatin ɗin Yahuza ma irin wannan ne, tun da daga hannun manyan firistoci ta fito, sai dai Matiyu bai ambaci sunan kuɗin ba, don haka mu ma sai mu tsaya a kan "mai yiwuwa".

Akwai kuma bayanin da ake yawan ji a wa'azi, cewa 'yan canjin da Yesu ya kifar da teburansu suna karɓar kuɗi masu siffar gumaka, suna ba da kuɗin Yahudawa marasa siffa. Shekel na Taya ya ƙaryata wannan. Kuɗin da Haikali yake nema yana ɗauke da kan gunki a fuska ɗaya, da siffar tsuntsu a ɗaya fuskar. Shugabannin Haikali sun auna dokar hana siffofi da nauyin azurfa, azurfa ta rinjaya. Sai a shekara ta 66 ne masu tawaye suka buga shekel nasu, da ƙoƙo da reshen rumman, da rubutun Ibraniyanci mai kiran Urushalima mai tsarki.

Darasin yana da kaifi biyu a gare mu. Na ɗaya, kada daɗin misali ya sa mu faɗi a bagade abin da tarihi bai faɗa ba. Jama'a sun ba mu amana, kuma gaskiya ba ta bukatar ado. Na biyu, tambayar da ta fuskanci firistocin Urushalima tana fuskantar kowace majalisar ikkilisiya a ranar da aka kawo babbar kyauta: wane abu muke kau da kai daga gare shi saboda kuɗin yana da nauyi? Kafin mu yi wa'azi a kan teburan da aka kifar, ya kamata dattawa da ma'aji su zauna su amsa wannan.