Tutocin Da Suka Kaɗa A Ƙasar Yawuri

'Yan uwa mazauna Kaduna, Legas da Abuja, idan yaranku suka tambaye ku wace tuta ce ta Yawuri, kada ku yi gaggawar amsawa. A zamanin jihadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba malamai tuta, irin su Buba Yero na Gombe da Yakubu na Bauchi, suka kafa sababbin masarautu. Yawuri ba ta cikin wannan sahu. Wajen 1810 Sarki Albishir ɗan A'i ya yi amana da Gwandu, ya karɓi biyan haraji, gidan sarauta ya zauna yadda yake. Wasu na ganin wannan rauni ne. Ni kuwa hangen nesa nake ganinsa, domin amanar ce ta tsare mana sarautar.

Tutar da ta zo ta mallake mu daga baya, abin mamaki, ta mutanen tsibiri ce kamar Gungawanmu. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar Kamfanin Neja a Lakwaja, aka ɗaga ta Birtaniya a gaban Lugga, Yawuri kuma ta faɗa Lardin Kwantagora. Ita wannan tuta haɗin gambiza ce. A 1606 aka haɗa jan gicciyen Ingila da farin na Sikotilan a kan shuɗi, aka ƙara jan na Ayalan a 1801. Wels ko alama ba ta samu ba, wai don an riga an haɗe ta da Ingila.

Bayan haɗewar 1914, Nijeriya ta sami shuɗiyar tuta mai jan da'ira da koren tauraro mai tsini shida, wanda dattawanmu suka fi sani a jikin kwabo mai huji. Kore da fari na Taiwo Akinkunmi suka gaje ta ranar 1 ga Oktoba 1960: kore don albarkar noma, fari don zaman lafiya.

A ƙarƙashin wannan tuta tamu ce ruwan Kainji ya haɗiye gungunan kakanni a 1968, aka kwashe Gungawa zuwa tudu. Shi ya sa duk wanda ya zo Yelwa kallon Rigata, ya ga jirage sun sha ado da ƙananan tutoci, ya kamata ya tambayi matuƙan sunan gungun da iyayensu suka baro.