Ina Kududdufan Birni Suka Tafi?

Yau tarihi zan ɗan taɓo mana, tarihin kududdufan birnin Kano da rafin Jakara. Na san wata za ta taɓe baki ta ce ina ruwan matar aure da kududdufi? To ki bi ni a sannu, ai duk ranar da ruwa ya shigo gida, katifarki da kayan ɗakinki ne farkon jiƙewa.

Tun kafin a yi Kano yadda muka san ta, akwai Jakara. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Barbushe, mutanen da ke zaune a gindin Dala suna kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa, saboda duhun itatuwansa da baƙin ruwansa. Fadama ce shimfiɗeɗɗiya a tsakiyar gari. A bakinta ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Kun ji inda sunan kasuwar ya samo asali.

Su kuwa kududdufai, hannun mutane ne ya yi su. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce, da gidajen kakanninmu da sorayensu, duk da ƙasa aka yi su. Inda aka ɗebi ƙasar tubali sai ya zama rami, damina ta zo ta cika shi. Ke nan kowace unguwa da ta tashi, tana tashi ne da wurin zuban ruwanta. Indararo ya zubo tsakar gida, kwata ta fitar waje, lungu ya gangara da shi kududdufi, abin da ya yi saura ya bi Jakara. Ruwan da ya kwanta kuwa a hankali yake tsuma cikin ƙasa, shi ne rijiyoyin gidaje suke sha har rani. Ga bado da kainuwa, ga tarwaɗa, ga agwagi da balbela, ga wurin shayar da dabbobi. Wato kududdufi shi ne randar unguwa.

Kada ku ɗauka babu aibu. Baturen Birtaniya Kilafatan da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa fadamar ta kusan raba birnin gida biyu, ya kuma koka da yawan ruwan kwance da ciwon da yake jawowa. Mu ma mun san sauro, mun san wari, mun kuma san uwar da aka kawo wa gawar ɗanta daga wanka, Allah ya kiyaye. Da waɗannan hujjoji aka samu ƙofar cikewa.

Sai gari ya bunƙasa. Lokacin da Bajamushe Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mutanen Kano wajen 30,000. A ƙidayar 2006 kuwa, birni da kewaye sun haura miliyan 2 da rabi. Fili ya yi tsada, bulo da siminti suka maye gurbin tubali, ba a ƙara buƙatar haƙa sabon rami ba. Tsofaffin ramukan kuma sai suka koma bola. A zuba shara yau, a zuba gobe, a bi da tifar ƙasa, kafin ki ankara an yanka fuloti, an tayar da shaguna. Haka aka yi wa da yawa daga kududdufan da ke bin jikin ganuwa. Ita ma Jakara ta koma hanyar ƙazanta, ga rafin Getsi yana ƙaro mata dagwalon masana'antun Bompai kafin ta isa madatsar Wasai, kuma da wannan ruwa ake ban-ruwan wani latas da alayyahun da muke saye. A mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka shiga aikin rufe ta da kankare da shimfiɗa titi a kanta.

Amma fa ruwan sama bai san an yanka fuloti ba. Yadda yake zuba a zamanin Rumfa haka yake zuba yau, in bai samu masaukinsa ba sai ya nemi wani. Manyanmu ba su manta damanar 1988 ba, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta, gidaje kuma suka yi ta rushewa a Kano. A damanar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi. A unguwanni kuwa, wa ke kwana tsaye da bokiti da tsintsiya, goyo a baya? Mu ne.

Shi ya sa nake ganin maganin kududdufi mai wari shi ne a yashe shi, a kewaye shi saboda yara, a dasa itatuwa a bakinsa, a hana zuba shara. Wannan aikin hukuma ne da masu unguwanni, amma mu ma da namu. Sharar da ke kashe kududdufi daga madafinmu take fitowa. In kin ba yaro ko almajiri kwandon shara, ki tambaye shi inda zai kai, kada ki bari leda ta bi kwata. In maigida ya zo da murnar ya samu fuloti mai araha, ki lallaɓa ki tambaye shi, da can mene ne a wurin? Idan ciko ne, ki sani ke za ki zauna a ciki da 'ya'yanki, shi yana kasuwa. Rigakafi dai ya fi magani.

Sauran kududdufan da suka rage ba su da yawa. Allah ya ba mu ikon barin wa 'ya'yanmu su, ya sa damina ta riƙa zo mana da alheri, amin.