Shekarar Farko Ta Ɗan Makaranta A Ƙasar Hausa

Tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato cikin 1903, babu wani gari mai suna gari a ƙasar Hausa wanda ba a jin muryoyin yara suna karatu cikin zaurukansa da sassafe. Lissafin da aka yi wajen 1914, zamanin Gwamna Lugga, ya nuna akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Jihar Arewa, yaran da ke cikinsu kuwa sun haura 200,000. Ashe ke nan koya wa yaro karatu ba baƙon abu ba ne da ya zo da Turawa. Abin da suka kawo shi ne waɗansu haruffa dabam, da kuma wata irin shekara dabam, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wanda ke so ya gane bambancin makarantun nan biyu, to, ya dubi yadda yaro ke cin shekararsa ta farko cikin kowace.

A makarantar allo ba a jiran wani wata kafin a karɓi yaro. In ya kai shekara biyar ko shida, ya iya magana sosai, sai ubansa ya kama hannunsa ya kai shi wurin malam, da 'yar sadakar goro ko ta waina. Da fari ba a nuna masa harafi ko ɗaya. Kunnensa ake fara koya wa. Malam ko wani babban almajiri ya faɗa, shi kuma ya maimaita, daga Fatiha zuwa Nasi, zuwa Falaƙi, har ya riƙe gajerun surori da ka. Wannan yakan ci watanni, kuma ba wanda ke gaggawa.

Sa'an nan sai a shiga babbaƙu, wato sanin haruffa tsurarsu ba wasali. A nan ne hikimar malaman dā ta fito fili. Ba su jera wa yaro haruffa ashirin da takwas su ce ya haddace ba. Abin da ya riga ya iya faɗa da bakinsa shi ake rubuta masa a allo da tawada, a riƙa nuna masa harafi ɗaya ɗaya da tsinke: alu, ambaki, wau, zal. Kuma suka raɗa wa haruffan sunaye na Hausa waɗanda ke kwatanta siffarsu. Ɗigo suka kira shi ruwa, saboda haka akwai ha ƙarami akwai ha mai ruwa. Wanda ke da sanda a tsaye aka ce masa ɗa mai hannu, wanda ya dunƙule kuwa ta kuri. Yaron da bai san ko kalma ɗaya ta Larabci ba ya san hannu, ya san ruwa, don haka da ya ga harafin sai sunansa ya faɗo masa.

Bayan babbaƙu sai farfaru. A koma kan surorin nan dai, amma yanzu da wasulla: wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, da ɗauri inda harafi ba shi da motsi. In ya ƙware sai ya shiga tattashiya, ya riƙa haɗa haruffa suna zama kalmomi. Ran da ya iya abin da ke allonsa, ya biya wa malam ba gargada, sai a ce ya je ya wanke, a yi masa ƙari. Babu aji, babu jarrabawar ƙarshen shekara. Yara talatin na zaune a zaure ɗaya, kowa da inda yake, kowa yana ɗaga murya da nasa. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ya wuce, mai nauyin kai ya daɗe, ba a kuwa kori kowa ba.

Makon karatu yakan fara ran Asabar ya tsaya ran Laraba, ranar da yara ke kawo wa malam kuɗin Laraba. Alhamis da Jumma'a hutu. Akwai hutun Sallah ƙarama da babba da na Mauludi. Amma babban abin da ke raba shekara shi ne ruwan sama. Da damina malam da almajiransa suna gona, karatu sai da asuba da kuma dare a bakin wutar kara. In an yi girbi, an cika rumbu, sai karatu ya kankama, waɗansu malamai ma su ɗebi yara su tafi ci-rani wani gari, ba su komowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Makarantar allo ba ta taɓa yin jayayya da damina ba, bin ta take yi.

Sai dai akwai inda ta gaza, kuma faɗinsa ba raini ba ne. Yaro yana karanta abin da bai san ma'anarsa ba, domin fassara sai bayan sauka, a makarantar ilmi. Da yawa kuwa ba su kaiwa can. Sukan bari a tsakiya su kama noma ko fatauci, da 'yan surorin salla kaɗai. Waɗanda suka daure su ne ke iya juya haruffan nan su rubuta wasiƙa ko waƙa da ajami.

Makarantar gwamnati ta farko mai ƙarfi ita ce wadda Hans Vischer ya buɗe a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, cikin 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas. Mutumin nan asalinsa ɗan ƙasar Suwizalan ne, ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno cikin 1906, ya kuwa ji Hausa har aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa. Gidansa na nan a Kano, ana zuwa kallo. Da ya tashi fara aiki bai tara ƙananan yara ba tukuna, malamai ya tara, waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, ya koya musu boko da lissafi don su koya wa na baya. Daga bisani aka kawo 'ya'yan sarakuna. Da Hausa ake koyarwa, yara na sanye da tufafinsu na gida, kuma ba a hana su karatun addini ba. Cikin 1912 ya fitar da ƙa'idodin rubuta Hausa da haruffan boko, domin kafin nan kowane Bature yadda kunnensa ya jiye masa yake rubutawa. Yaƙin da ya tashi cikin 1914 ya ɗauke shi daga ƙasar, amma malaman da ya horar suka watsu cikin larduna suka riƙe makarantu. Aka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922 don horar da malamai, wajen 1930 kuma aka tsara abin ya zama elementare aji huɗu da Hausa, a hannun En'e, sa'an nan midil inda Turanci ke da ƙarfi.

To, a elementare ne yaron ƙauye ya fara gamuwa da shekara mai iyaka. A zamanin nan cikin Janairu ake ɗaukar sababbin yara, lokacin sanyi, bayan an gama girbi. Samunsu ma aiki ne. Takarda takan fito daga wurin hakimi zuwa ga dagatai, kowa ya kawo yara kaza. Iyaye da yawa suka riƙa ɓoye 'ya'yansu, suna tsoron kada a raba su da addini, waɗansu masu sarauta kuma suka tura 'ya'yan barorinsu maimakon nasu. Daga baya an ga 'ya'yan barorin nan sun zama malaman asibiti da na haraji, 'ya'yan iyayen gijinsu suna zuwa wurinsu neman a karanta musu takarda.

Watannin farko wasulla biyar ake koyo, a, e, i, o, u. Malam ya rubuta a babban allo, yara su bi da yatsa a kan rairayi, domin takarda da fensir sai an girma. Daga nan a ɗauki baƙi a aura masa wasali: ba, be, bi, bo, bu. Gaɓa biyu in sun haɗu sun ba da kalma, kalma uku sun ba da magana. Hausa ta dace da wannan hanya ƙwarai, don yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali. Yaron da ya riga ya yi farfaru a wurin malaminsa na allo kuwa yakan riga 'yan'uwansa ganewa, gama ya san dabarar tun dā, sai dai hannunsa da ya saba tafiya daga dama zuwa hagu dole ya juya. Ga kuma abin da bai taɓa gani ba: ya haɗa haruffa huɗu, sai ya ji ya ce doki, ko tuwo, abin da ya sani tun yana goye. Wannan shi ne babban rinjayen elementare, yaro ya karanta harshensa ya fahimta nan take.

Amma boko ma yana da nasa cikas. Haruffan Turawa ba su da na waɗansu muryoyin Hausa, shi ya sa da fari akan sa ɗigo ko 'yar alama a jikin harafi, ba a daidaita kan masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sai cikin shekarun 1930. In babu ƙugiya, baki da baƙi ɗaya suke a takarda, haka kafa da ƙafa. Har wa yau boko ba ya nuna jan wasali, abin da ajami ke nunawa, saboda haka gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, sai yaro ya dubi sauran maganar kafin ya san wanne ake nufi. Malamin kirki ba ya barin aji ɗaya su yi ta rera gaɓoɓi kamar waƙa. Yakan sa su ba da tatsuniya, su yi kacici-kacici, su faɗi abin da suka gani a kasuwa, domin yaron da bakinsa bai saba jera magana ba idonsa ba zai jera ta a littafi ba.

Ana cikin haka, daidai lokacin da yara suka fara haɗa kalmomi, sai ruwa ya sauka. Nan fa rigima take. Shekarar elementare an yanka ta ne bisa kalandar ofis, damina kuwa ta faɗo a tsakiyarta. Uba yana bukatar mai bin sa da iri ran shuka, da mai kai abinci gona, da mai tsare awaki kada su shiga shukar mutane. Malam ya kira rajista ya ga gurabe, ya kai kuka wurin dagaci, dagaci ya aika a kamo yara, gobe su sāke gudu. Ko an ba da hutu, aikin gona ya fi hutun tsawo. Yaron da ya ɓace wata uku yakan komo da kaka ya tarar b da d sun rikice masa. A makarantar allo da sai ya ɗauki allonsa ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba wanda ya wuce shi, tun da ba tare ake tafiya ba. A elementare kuwa aji ya yi gaba, jarrabawa na zuwa cikin Disamba, Baturen makaranta zai zo ya duba. Sai ko dai ya maimaita aji, ko uban ya ce dama bai so ba, ya janye shi.

Waɗanda suka haye shekarar lafiya suka tarar da wata matsala: sun iya karatu, ba abin karantawa. Littattafan Hausa na boko da ke akwai yawancinsu don Turawa masu koyon Hausa aka yi su, kamar tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara aka buga tsakanin 1911 da 1913. Gwamnati kuwa, in za a faɗi gaskiya, akawuna da malaman haraji ta fi bukata a kan masu karatu don jin daɗi. Karatun da ba a yi da shi kamar fartanya ce da aka jingine, tsatsa take yi. Yara da yawa sun fita aji huɗu, bayan 'yan shekaru ko sunansu da ƙyar suke rubutawa.

Gyaran wannan daga Zariya ya fito. Ofishin fassara da aka kafa wajen 1930 ya koma ofishin talifi a hannun Dokta Rupert East, wanda ya zaga manyan garuruwa cikin 1933 yana roƙon malamai su ƙago labarai da kansu. Gasar nan ce ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Cikin 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Midil ta Katsina zuwa Zariya musamman don ya rubuta littafin karatu na makarantu, ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, aka fara buga su cikin 1937. Dabararsa ita ce ya sa aku yana ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita, kowane labari yana jawo na gabansa. Yaron da ya ɗanɗana na farko ba ya bukatar bulala kafin ya buɗe na biyu, ko da damina ce, ko a gindin bishiya yana kiwo. Cikin Janairu 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam ɗin ne kuma editanta na Hausa, wanda ya bar makaranta ya sami abin da zai riƙa karanta wa mutanen garinsu a dandali.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945, aka ɗaura yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1950, sa'an nan hukumar NORLA ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959 tana buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, waɗansu da boko da ajami gefe da gefe. Hanyar gaɓoɓin nan ta aji ɗaya ita aka ɗauka aka kai ajin manya. Magidanta masu furfura, waɗanda iyayensu suka ɓoye su cikin rumbu don kada dagaci ya gan su, suka zauna da yamma suna bin ba, be, bi, bo, bu, waɗansunsu kuwa 'ya'yansu na elementare ne ke duba musu rubutu in sun koma gida.